Furen da Aka Sare a Ƙarƙashin Pinyo

Injin yankan ciyawa na ta kuka a hannun Helder sai ya ga ƙafafun mutum a gabansa cikin silifas. Da bai ɗauke hannu da sauri ba, da wani labarin ake yi yau a Ribamonte. Ya kashe injin, ya ture gilashin fuskarsa sama, ya buɗe baki zai yi zagi. Zagin bai fito ba.

Budurwa ce tsaye, hannayenta duk kullun burodin masara, tana haki saboda gudun da ta yo daga gida zuwa kan tudu.

"Makaho ne kai?" ta ce.

Ya dubi ƙasa. Shi dai bai ga komai ba sai busasshen tsinken da ya zubo daga itatuwan pinyo da wasu ganyaye masu gashi-gashi kwance kamar kunnen jaki. Ya ce mata turo su aka yi su share ƙarƙashin itatuwa kafin zafi ya shigo, kamar kowace shekara, kuma mai filin da kansa ya nuna masa iyaka.

"Babana ya nuna maka nasa. Wannan nawa ne. Dedalera ce."

"Dedalerar da na sani doguwa ce, tana kai ƙirjin mutum, furanninta kamar ƙananan ƙararrawa. Wannan kuwa kabeji ne da ya yi fushi."

Ta ce masa shekarar farko haka take, ganye kawai, ba ta fure sai ta ci sanyi ɗaya. Ta tambaye shi ko a cikin kwalba ya girma da bai san wannan ba. Ya sani sarai. So yake ta ci gaba da magana.

Ya ajiye injin, ya ari lauje, ya durƙusa ya kewaye ganyayen nan ɗaya bayan ɗaya da hannu, abokan aikinsa suna yi masa dariya daga nesa. Tana tsaye a kansa har ya gama. Ba ta gode ba. Ta dai faɗi sunanta da ya tambaya, Telma, ta gangara ga burodinta.

Kowa a garinmu ya san abin da ya sa Telma ke gadin ganye. Shekarar babbar gobara, wuta ta gangaro daga bayan dutse ta cinye rabin dajin. Itatuwan pinyo na bayan gidan Ti Abílio, mahaifin Telma, ne suka tsira, don shi da matarsa Graciete sun tsaya da bokiti da ɗanyen reshe suna dukan wuta har iska ta juya. Hayaƙin da ya shiga ƙirjin Graciete bai fita ba. Da ƙonannen tudun ya farfaɗo sai ya cika da jar dedalera, ko'ina ka duba. A cikinsu akwai fara ƙwaya ɗaya. Graciete ta hau tana tari, ta ɗaura mata zare, ta jira iri ya bushe, ta zuba a kwalbar maganinta. Ta ce za ta shuka a ƙarƙashin itatuwan da suka tsira. Ba ta kai ba.

Tun daga nan Telma ke gwadawa, tana asara. Pinyo mugun maƙwabci ne. Saiwarsa ta shanye ruwan ƙasa, kansa ya tare rana da yayyafi, tsinkensa ya danne duk abin da ya ɗago. Wanda ya tsira daga wannan, zafin Agusta ya gama da shi. Bana ta zazzage ƙarshen kwalbar.

Ti Abílio bai taɓa taimaka mata da cokalin ruwa ba. Furen toka yake kiran dedalerar. Ya ce guba ce, tana tsayar da zuciyar akuya da ta mutum. Wannan gaskiya ne. Amma awakinsa ba su taɓa kai mata baki ba, shi ma ya sani. Kallonta ne ba ya iyawa.

Share daji aikin 'yan makonni ne. Ainihin sana'ar Helder tatsar ƙaro ce: ya fere bawon pinyo, ya maƙala ƙaramar tukunyar ƙasa, ya dawo ya kwashe. Hannayensa kullum baƙi ƙirin, komai ya taɓa sai ya manne. Itatuwan da yake tatsa suna iyaka da na Ti Abílio. Da yamma saƙo ya shigo wayar Telma.

"Barka da yamma, Maigadi. Na wuce ta wajen kabejinki, na gaishe shi, ya ce yana lafiya. Helder ne, makahon nan."

"Ba kabeji ba ne. Wa ya ba ka lambata?"

"Zulmira mai shagon kofi. Na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba."

"Ga shi kuwa ka cika. Gobe in za ka wuce ka zo da manjagara, Ɗanko."

Ya zo da manjagara. Suka janye tsinken pinyo daga kan ganyayen. Ya ɗebo ruɓaɓɓen ganye daga bakin rafi a buhu suka shimfiɗa. Ya hau ya rage ƙananan rassa ta gabas don ranar safe ta leƙo, ta yamma kuwa ya bar su, ita ce mai ƙuna. Da zafi ya tsananta, tankin ruwan Ti Abílio na nan kusa amma da kwaɗo a famfon, sai Helder ya riƙa hawowa da ruwa daga rafi a tsofaffin gwangwanayen ƙaro, Telma tana zubawa a gindin kowanne da kofin shayi.

Wata rana ta kama hannunsa tana goge masa ƙaro da man zaitun. Ya ce ta bari, gobe ma haka zai koma.

"To gobe ma sai in goge."

"Jibi fa?"

"Kai dai ka riƙa zuwa da hannun."

Da ruwan kaka ya sauka, ganyayen sun yi faɗin faranti, babu wanda ya mutu sai kaɗan. A nan gindin itacen Helder ya ce mata shi ba ya iya dogon zance, aurenta yake so.

A Ribamonte budurwa ba ta amsa wannan da baki. Furen dedalera take tsinka, ta matse bakinsa da yatsu, ta fasa wa saurayin a goshi. In ya yi ƙara, ta yarda ke nan. Telma ta ce masa yanzu ba lokacin fure ba ne, kuma ko da lokacin ne, ja ta cika bakin rafi amma ba da ita za ta amsa masa ba.

"Da ta Mamana zan amsa maka. Ka iya jira?"

"In ji ciwo ne ko kuwa?"

"Sosai."

Ti Abílio ya hana shi ƙetare ƙofar gida. Dalilinsa biyu. Helder ɗan bayan dutse ne, ta can wutar ta fito. Sannan mai tatsar ƙaro ne, shi kuwa da idonsa ya ga yadda itatuwan da aka tatsa suka kama kamar an zuba musu kananzir. Ya ce wanda ke yi wa itace rauni don ya ci abinci ba zai zauna a teburinsa ba.

Telma ba yarinya ba ce, babu mai aurar da ita ga wanda ba ta so. Amma ta yi wa uwarta alkawari ba za ta fita gidan nan da fushin ubanta a bayanta ba. Wannan alkawarin shi ya ɗaure ta.

Akwai kuma Márcio. Yana da manyan motocin katako, yana sayen daji ya sare ya dasa itacen turare, don shi ya fi saurin girma. Ya daɗe yana kawo wa Ti Abílio kwalbar giya ranar Lahadi, yana kallon 'yar da ido ɗaya, yana auna itatuwan da ɗayan. Telma ta sha gaya masa a'a. Shi yana ɗaukar a'a kamar farashin farko ne.

Tun da gida ya gagara, Helder ya sa farar riga ya tari tsohon a shagon Zulmira bayan an fito coci, shagon cike da mutane. Ya cire hula ya faɗi buƙatarsa. Ti Abílio ya gama juya sukari a kofinsa tukuna.

"Na ji kai ne mai shayar da ciyawa a filina. To ji nan. Tun kakana babu abin da ya taɓa fure a ƙarƙashin itatuwan nan. In furen toka ya buɗe a wurin kafin bikin waliyyi São João na Yunin baɗi, ka zo ka ɗauki 'yata. In bai buɗe ba, kada in ƙara jin sunanka."

Zulmira ta ce ai wannan mai sauƙi ne, yaro ya tono ɗaya daga bakin rafi ya dasa ana gobe biki. Aka yi dariya. Tsohon bai yi ba.

"Ta Graciete fara ce," ya ce. "Babu irinta a dutsen nan."

Márcio ya ce daga kujerarsa, in kuma ba ta buɗe ba ai mutum sai ya ci gaba da laɓe a bayan gida, wa zai hana shi. A nan Helder ya yi wauta irin ta samari. Ya ce in ba ta buɗe ba, zai tattara tukwanensa ya bar garin, kowa ya shaida. Ti Abílio ya miƙa hannu suka tafa, ya sha ƙaro a tafinsa, magana ta zauna. A wajenmu abin da aka faɗa a shagon Zulmira ranar Lahadi ya fi na gaban alƙali ƙarfi.

Da labari ya kai wa Telma, sai ta rubuta masa:

"Wa ya aike ka? Ka ɗora rayuwata a kan ganye ba ka tambaye ni ba. Ka san sau nawa suka mutu a hannuna?"

"Da ke kaɗai ce, Maigadi. Yanzu mu biyu ne. Ki yi fushi yau, gobe ki fito, iska ta zubo tsinke."

"Zan fito don su, ba don kai ba."

"Na yarda. Ni ma ina bayansu a layi."

Sanyi ya zo ya kwantar da ganyayen, wasu suka yi baƙi a gefe. Duk safiyar da ƙanƙara ta rufe ƙasa Telma takan hau, ta sa yatsa a tsakiyar kowanne ta ji ko zuciyar na nan da tauri. Ti Abílio yana wucewa da awakinsa bai ko juyo ba. A gida magana ta ragu tsakaninsu zuwa miƙo gishiri da rufe ƙofa.

Da Afrilu ya ƙare sai tsakiyar ganyayen ta kumbura. Kara ya fito, ya wuce gwiwa, ya doshi ƙugu, kansa sunkuye da koren ƙulli. Mutanen gari suka fara ratsowa ta hanyar tudu wai neman itacen wuta. Zulmira ta fara tambayar wa zai ɗinka riga.

Sai wani ya kai ƙara. Ba a faɗi suna ba, ba a kuma buƙata. Doka ta ce kusa da gidaje kada wani tsiro a ƙarƙashin itace ya wuce taƙi ɗaya in zafi ya gabato. Bara ganye ne a ƙasa, babu mai magana. Bana sun miƙe. Jami'in daji ya zo da safe da ma'aikatan share daji, Helder a cikinsu, ya duba ya ce a sare a gabansa. Helder ya roƙa, ya ce ɗanye ne shataf, ba ya kama wuta. Jami'in ya ce shi ma ya sani, amma an kai ƙara, hannunsa a ɗaure yake. Telma tana kasuwar garin ƙasa da cukun awaki. Ti Abílio yana tsaye can gefe, hannu a baya.

Wanda ya fara tayar da injinsa ɗan baffan Márcio ne. Helder ya san yankansa: yana kafa wuƙar a ƙasa har ƙura ta tashi, ba ya barin ko saiwa. Ya sha gabansa.

"Ni zan yi."

"Kai? Ba surukanka ba ne?"

"Na ce ni zan yi."

Ya tayar da nasa injin. Ya auna taƙi ɗaya da idonsa, ya riƙe hannu a sama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kararen suna faɗuwa a kan takalminsa. Yana kan na ƙarshe Telma ta iso da kwandonta.

Ba ta yi ihu ba. Ta dubi kararen a zube, ta dubi injin a hannunsa. Wannan karon ba ta shiga gabansa ba, don babu sauran abin tarewa. Ya kira sunanta. Ta juya ta gangara.

Márcio bai bari ƙura ta lafa ba. Ya same ta a ƙofar gida ya ce shi abin ya ba shi tausayi, amma kowa ya ji mutumin da bakinsa yana cewa shi zai yi. Ya ƙara da cewa yayan Helder na Faransa ya daɗe yana kiransa aikin gini, kuma mai neman hanyar fita ba ya rasa ta. Maganar yayan gaskiya ce, Telma ta sani. Ƙarya mafi muni ita ce wadda aka gina a kan gaskiya.

Saƙon Helder ya shigo:

"Telma, da ban yi ba da wani ya yi har saiwa. Na bar musu zuciya. Ban san ko za su dawo ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki fito mu yi magana."

"Na gan ka da idona. Irin Mamana na ƙarshe ne. Da tafiya kake so da ka faɗa, ba sai ka bi ta kanta ba. Kada ka ƙara rubuto mini."

Ta toshe lambarsa. Ba ta ƙara hawa tudun ba. Tagar ɗakin girki da ke kallon itatuwan ma ta rufe ta da labule.

Ruwa ya ɗauke da wuri a wannan shekara. Ƙasa ta yi tauri, rafi ya koma zare. Helder ya ci gaba da hawa da gwangwanayensa tun da sassafe kafin ya tafi tatsa, kafaɗarsa ta sale, yana zuba wa guntayen kararen da suka rage. Gefen yankan ya bushe ya yi baƙi. Babu alamar komai.

A nan Ti Abílio ya same shi wata safiya, awaki na biye da shi. Ya tsaya yana kallonsa har ya juye gwangwani.

"Wa kake yi wa wahala? Ta ce ba ta son ganinka."

"Na ji, Ti Abílio."

"To?"

"Ni na sare. Ni zan shayar."

"In ba su fito ba?"

"In tafi. Na faɗa a gaban mutane."

Tsohon ya matso ya sa sandarsa ya ɗaga ganye ɗaya. Shi ma ya yi shekaru da lauje a hannu, ya san bambancin yankan kisa da na bari. Ya daɗe yana kallon tsayin dungun. Sannan ya ce wa akuyarsa ta gaba wata baƙar magana, ya kora su ta wata hanya, ba ta cikin shukar ba.

Washegari Helder ya tarar da kwaɗon famfon tanki a buɗe, rataye a jikin ƙarfe. Bai tambayi kowa ba. Tsohon ma bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai kabejinsa na bayan gida ya yi yaushi a wannan watan, ya ce tsutsa ce.

Bikin São João ya ƙarato. Márcio ya aiko da kwandon kifin sadin da giya, ya ce shi da mahaifiyarsa za su zo cin abincin rana. A shagon Zulmira ya riƙa tambaya da ƙarfi ko akwai mai son sayen tukwanen ƙaro da araha. Telma ta rame. Ta gaya wa ubanta zai iya ciyar da wanda ya ga dama a teburinsa, ita dai ba Márcio ba kowa. Ya ce bai tambaye ta ba.

Safiyar bikin yana hura gawayi a tsakar gida, ya ce ta hau tudu ta ɗebo masa busassun 'ya'yan pinyo, wutar ta ƙi kamawa. Ta ce akwai buhu guda a rumfa.

"Sun jiƙe."

"Baba, rabonmu da ruwa tun yaushe?"

"Na ce sun jiƙe. Ɗauki kwando."

Ta ɗauka don kada a yi faɗa ranar biki. Ta hau kanta a ƙasa, ta ƙudura ba za ta dubi wajen ba. Ƙugin ƙudan zuma ne ya sa ta ɗago.

Ba su yi tsayi ba. Wasu ko gwiwa ba su kai ba, wasu a karkace. Amma duk inda aka sare kara ɗaya, biyu ko uku sun fito ta gefe. Yawanci ja ne, don ƙudan zuma ba ya tambayar launi. A tsakiya, gindin babban itacen da wuta ta lasa ta bari, farare ne, a buɗe, da ɗigo-ɗigo a cikinsu.

Helder na zaune a kan gwangwani. Kusa da shi jakarsa ce a ɗaure. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannayensa.

"Jakar fa?" ta ce.

"Babanki ya ce in fure ya buɗe. Ya buɗe. Amma ke ba ki ce komai ba. Ba zan karɓe ki daga hannun kowa ba in ba ki so."

Ta durƙusa ta ɗaga ganyen, ta ga tsohon yankan, taƙi ɗaya daga ƙasa, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ta ce ta kira shi makaho ranar farko, ashe ita ce. Ya ce ta bar zancen, shi ma da ya ga abin da ta gani da bai saurari kowa ba.

"Kafaɗarka fa?"

"Tana nan. Ta ce a gaishe ki."

Suka ji takun mutane. Ti Abílio ne a gaba da sandarsa, Márcio a bayansa cikin takalmin biki, sai Zulmira da rabin gari, don a Ribamonte ba a aika goron gayyata ga irin wannan. Márcio ya duba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce wannan ai ba dedalera ba ce, wada ce, kuma sun sake wuce taƙi, doka na nan.

"Fure na ce, ban ce tsayi ba," in ji Ti Abílio. "Doka kuwa ta zo ta sare sau ɗaya, ta tafi. In ka sake kiranta, ka faɗa mata ta zo da nata hannun, ni zan tsaya a gaban injin. Kifinka na ƙasa, ka ɗauka in za ka wuce."

Márcio ya gangara, Zulmira ta bi shi da cewa ya bar giyar dai, ita ba ta yi laifi ba.

Tsohon ya tsaya a gaban fararen. Wannan ne karon farko da ya dube su ido da ido. Ya cire hularsa. Bakinsa ya motsa, babu wanda ya ji abin da ya ce, babu kuma wanda ya matsa don ya ji. Da ya gama ya fyace hanci da ƙarfi, ya juyo ga 'yarsa.

"Me kike jira? Mutum na tsaye."

Telma ta tsinki fari ɗaya daga ƙasan kara. Ta matse bakinsa, ta ɗaga gashin goshin Helder da ɗayan hannun.

"Rufe ido, Ɗanko."

Ƙarar ta fita tas, har akuyar da ta biyo su ta zabura.

Zulmira ta ce to madalla, yanzu kowa ya je ya wanke hannu kafin a taɓa abinci, kada a yi biki da jana'iza rana ɗaya.

An ɗaura auren a cocin gari bayan an kwashe ƙaron ƙarshe na shekara. Mutanen bayan dutse suka zo da motoci cike, Ti Abílio ya zauna da su a tebur ɗaya, ya yi musu gardama a kan komai tun daga giya har zuwa awaki, wanda a wajensa shi ne karɓar baƙi. Telma ta kwana biyu tana goge hannun ango da man zaitun, duk da haka da limamin cocin ya ce a sa zobe sai da ya ɗan manne.

Da aka fito ƙofar coci ana watsa musu shinkafa, tsohon ya ja su gefe. Ya zaro kwalbar maganin Graciete daga aljihun kwat. Cike take da iri, baƙi, laushi kamar ƙura. Shi ya bi fararen ya ɗaura musu zare, ya jira suka bushe, ba wanda ya gani.

Ya sa ta a tafin Helder, ya ɗora hannun Telma a kai, ya danne da nasa.

"Kada ku binne shi. A sama ake watsawa, ba ya son a rufe shi. Allah ya ba ku haƙurin shekarar ganye, ya nuna muku ta fure. Ya tsare ku daga wuta, ta daji da ta baki."

Suka ce amin. Ya mayar da hularsa, ya ce su yi sauri, miya na hucewa.